Zalia Mai Yanke Shiru

A bakin titin da ya fito daga unguwar Didawure ya nufi babbar kasuwar Sokode akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da wagashi, wato cuku. Baƙo zai ɗauka shagon fotokofi ne kawai. Injin fotokofin yana nan, gaskiya ne, amma ba shi ya sa aka san Zalia Alassani daga nan har Dapaong ba. An san ta ne da rage wa abu nauyi. Ka kawo mata hoton takardar haihuwa da ya ƙi tafiya ta waya, ko bidiyon suna, ko dogon saƙon murya, ta sa a kwamfutarta ta matse shi, ta mayar maka da shi ɗan mitsitsi. Ka danna ya wuce, ko da rezo, wato sabis ɗin waya, sanda ɗaya ce tal.

A Zongon Dapaong aka haife ta, 'yar wani dillalin gyaɗa. Ta yi boko har ta ci jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, daga nan aka turo ta Sokode wurin gwaggonta. Aikin farko da ta samu shara ce a wani shagon shiga intanet, lokacin da hoto ɗaya kan cinye rabin awa yana rarrafe, ya kai ƙarshe kuma ya faɗi. Ta sha ganin ƙato da gemunsa yana neman yin kuka a gaban kwamfuta saboda takardar neman aiki ta ƙi tafiya. Tana shara tana leƙe. Kafin shekara ta zagayo, mai shagon da kansa yake kiranta in abu ya cije. Tun a can ta gane ba ta da iko a kan rezo, ikonta a kan kayan da za ta ɗora masa yake. Ta auri Salifu direban tirela, wanda rabin rayuwarsa a kan hanyar Lome zuwa Sinkase take, ta haifi biyu, ta buɗe nata shagon. Shekara ashirin da wani abu tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ta ɓatar masa da ko layi ɗaya. A riƙe wannan, don mutane mantuwa gare su.

Cikin ayyukanta akwai wanda ta fi ji da shi. Alfa Abdulwahid, tsohon malami a Didawure, yana da ɗalibai mata a Dapaong da ƙauyukan wajen Tanjuware da Manduri. Da can shi yake hawa mota ya je musu duk bayan wata biyu. Sai ƙafafu suka kumbura, hanyar kuma ta yi wa tsoho tsawo. Shekara biyu ke nan, kowace Alhamis da hantsi, Zalia take zuwa gidansa ta ɗauki karatunsa, matarsa Inna Mariyama na zaune a gefe tana tsinkar ganye. Karatun kan kai minti hamsin. In aka tura shi haka ɗanye, sai matan Dapaong su kwana biyu suna kallon da'ira tana juyawa a waya, na ƙauye kuwa, da sai ranar kasuwa suke samun rezo, ko a mafarki.

Don haka Zalia take masa aiki. Ta cire shirun da ke tsakanin magana, ta cire tari da gyaran murya da kukan zakara, ta danne ƙarar babura. Ta rage wa muryar kauri har iyakar da kunne zai ji kowace kalma. Sannan ta yanka shi guntu-guntu, kowane minti biyu da rabi, ta sa wa kowane lamba, don in ɗaya ya faɗi a hanya shi kaɗai za a sake nema. Ta tura wa Hajiya Salamata, shugabar matan karatun a Dapaong, ita kuma ta rarraba.

Kowace Jumma'a wayar Zalia takan cika da godiya. Allah ya saka, Allah ya raya zuriya, Allah ya kai ki Makka. Sai wata Jumma'a a tsakiyar damina, shiru. Ta duba, an karɓi guntayen duka, an saurara. Ta ce ƙila hidimar gona ce. Sati na biyu ma haka. A sati na uku saƙon Hajiya Salamata ya shigo, gajere ƙwarai ga matar da gaisuwarta kaɗai kan ci minti uku.

"Zalia, a gaida Alfa. Wace kalar riga ya sa jiya?"

Zalia ta saurara sau biyu. Riga? Ta amsa cewa fara ce, amma abin ya tsaya mata a rai. Kwana biyu bayan haka wani mutum da ba ta taɓa gani ba ya shigo yin fotokofin takarda ɗaya. Hausarsa ta mutanen Dapaong ce. Inji na aiki, shi kuwa wuyansa na kan kwamfutarta. Ya tambaya ko ita kaɗai ke taɓa ta. Ya tambaya ko gidan Alfa na da nisa. Da ta ce ta raka shi, sai ya ce a'a, sauri yake. Ya tafi ya manta takardar ma.

Daga ranar ita ma ta fara zargi. Ta sake lambar sirrin kwamfutar. Ta riƙa kallon mai gyaran babur, ko shi yake kai rahoto. Ta tuna duk wanda suka taɓa sa-in-sa da shi. Ta san ana ƙulla wani abu a kanta, abin da ba ta sani ba shi ne mene ne.

Ranar wata Laraba, bayan Azahar, mai babur ya sauke Hajiya Salamata a ƙofar shagon. Babu waya, babu sanarwa, tafiyar fiye da awa biyar daga Dapaong. Ƙatuwar mace ce mai haƙorin Makka, ta girmi Zalia nesa, kuma ta san mahaifiyarta.

"Hajiya! Maraba, maraba. Ga kujera. Lafiya kuwa?"

"Ba zama na zo ba. Rufe shagon nan ki kai ni wurin Alfa. Yanzu. Kawo wayarki in riƙe."

"Wayata kuma?"

"Don kada ki kira kowa a hanya."

A gaban mai wagashi, a gaban masu jiran babur, aka karɓe wa Zalia waya kamar ɓarauniya. Ta miƙa, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, suka kama hanya.

Sun tarar da Alfa Abdulwahid a zaure a kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu a kan matashi, yana ɓarzar goro da ɗan gwangwani mai huji saboda haƙora sun ƙare. Hajiya Salamata ta yi turus a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji, ta kama salati.

"Alfa! Kana nan?"

"Salamata? Ina za ni da waɗannan ƙafafun? Shigo mana. Wa ya rasu?"

"Kai, Alfa. Kai aka ce."

Inna Mariyama ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu. Nan Hajiya ta zauna ta zazzage komai. Wani Huseini mai sayar da kayan waya a kasuwar Dapaong ne ya nuna wa matan wani bidiyo, muryar wani mutum da ya daɗe da rasuwa tana tallar maganin basir. Ya ce musu yanzu akwai na'ura mai kwaikwayon muryar kowa. Sai mata suka koma suka sake sauraron karatun Alfa da sabon kunne. Alfan da suka sani yana tari, yana tsayawa ya yi numfashi, yana tsawata wa akuya. Wannan kuwa ba ya tari, ba ya numfashi, gidansa ko kaza babu. Abin da ya fi tayar musu da hankali, yakan faɗi magana a ƙarshen guntu, ya sake faɗinta a farkon na gaba, iri ɗaya sak, ba ragi ba ƙari. Wane ɗan Adam ne yake haka? Suka yanke cewa ko dai Alfa ya rasu an ɓoye, ko yana kwance bai san inda kansa yake ba, Zalia kuma tana haɗa karatu da na'ura tana tura musu addinin da ba a san tushensa ba.

Shekara biyu suna sha daga hannunta, rana ɗaya wani mai sayar da caja ya nuna musu bidiyo, shi ke nan ta zama maƙaryaciya. Ko mutum ɗaya bai ɗaga waya ya tambaye ta ba. Sun gwammace su turo ɗan leƙen asiri da takardar bogi.

"To ga shi kin gan shi," in ji Zalia. "Ba ni wayata."

"Na ga Alfa. Ban ga mai karatun ba tukuna." Hajiya ta zaro tata wayar, ta kunna guntun satin da ya wuce, ta ajiye a gaban tsohon.

Alfa bai taɓa jin abin da ake turawa ba. Wayarsa mai madannai ce, kuma shi a ganinsa ya yi nasa tun da ya karanta. Ya karkata kunne. Ya yamutsa fuska.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba Alfa," in ji Zalia.

"Ni? Wannan mai gudu kamar an biyo shi? Karatun dai irin nawa ne. Amma wannan daga cikin tulu yake magana." Ya sake saurara. "Anya? Ni ban san wannan mutumin ba."

Hajiya Salamata ta juyo a hankali ta dubi Zalia. Zalia ta ga yadda labarin zai isa Dapaong kafin motar safe: Alfa da bakinsa ya ce ba shi ba ne. Daga nan ba karatun kaɗai za a karɓe mata ba. Wa zai sake ba ta takardar filinsa ko hoton katinsa? A garin ubanta za a riƙa nuna gidansu.

"Gobe Alhamis," in ji Zalia. "Zan kawo kwamfutar nan zauren. A ɗauka a gabanki, in yi aikin a gabanki da gaban Alfa. Ki riƙe wayar har goben, in kina so ki kwana da ita a ƙarƙashin filo."

Hajiya kuwa ta riƙe.

Washegari da hantsi aka zauna. Alfa ya sa babbar riga saboda baƙuwa, ya buɗe babin alwala. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya kori akuya sau biyu, ya tsaya yana neman tabarau alhali yana goshinsa. Hajiya ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya. Idonta na kan yatsun Zalia. Minti hamsin da biyu aka tashi.

Zalia ta juya kwamfutar yadda kowa zai gani. Muryar Alfa ta fito a zane, tudu da kwari kamar duwatsun Aleju da ke hanyar arewa.

"Inda ya yi tudu, magana ce. Inda ya kwanta, shiru ne. Wannan tsinin tari ne. Wannan akuya ce."

"Wacce?" in ji Inna Mariyama.

"Baƙar."

"Na sani. Ita ce marar kunya."

Zalia ta riƙa kunna kowane wuri kafin ta cire, Hajiya na cewa sake, ta sake. Aikin da take gamawa cikin awa guda ya ci uku. Da aka zo yankawa, ta ɗauki jimlar ƙarshe ta guntu na ɗaya ta liƙa a farkon na biyu. Hajiya ta kama hannunta.

"Nan! Ga shi nan. Wa ya ce ki maimaita?"

"Wata mata ce daga wajen Manduri, bara. Na huɗu da na shida suka shigo mata, na biyar ya maƙale. Wayarta ba ta nuna lamba, ita kuma ba ta karatu. Ta haɗa rabin hukunci da rabin wani ta yi wata guda tana aiki da shi. Tun daga nan nake haka. In farkon guntu bai zama ƙarshen wanda kika ji ba, kin san akwai wanda ya ɓace."

Hajiya ta saki hannun. Ta ce, "Uhm," irin wadda ba ta nufin e ba ta nufin a'a.

Aka kunna abin da aka gama don Alfa ya ji. Minti talatin da uku ya koma, guntu sha uku. Yanzu da ya ga yadda aka yi, ya yarda mutumin cikin tulun shi ne, har yana gyaɗa kai yana jin daɗin kansa. A guntu na uku muryar ta ce, "Farillan alwala guda shida ne," ta kuma lissafa su ɗaya bayan ɗaya har bakwai.

Alfa ya daina gyaɗa kai.

"Mayar baya."

Ta mayar. Shida.

"Ni na ce shida?"

Zalia ta kunna ɗanyen, wanda ba a taɓa ba. Tari, sannan shida, raɗau. Shekara hamsin tsohon nan yana koyar da wannan babi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "can gaba na ce bakwai, inda nake maganar kwanakin suna. Ba za ki iya ɗauko ta daga can ki sa a nan ba?"

Hajiya Salamata ta matso. "Za ki iya?"

"Zan iya," in ji Zalia. "Minti ɗaya bai kai ba."

"Ba wanda zai gane?"

"Ko Alfa ba zai gane ba."

"To yi masa mana. Ai maganarsa ce. Ki rufa wa dattijo asiri."

Zalia ta dubi matar. Fuskar ba ta nuna komai. Tarko ne? Ko kuwa da gaske take, matar da ta haye mota tun daga Dapaong don ta kama mai haɗa murya, yanzu ita ce take cewa a haɗa? Ta dubi Alfa, shi ma ta kasa tabbatarwa. Wa ya san abin da suka tattauna jiya bayan ta tafi? In ta yi, Hajiya ta ga da idonta cewa ana sa wa Alfa magana a baki. In ta ƙi, ta kunyata malami a gidansa, kuma yana iya cewa kada ta sake taka masa zaure. Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya.

"Ba zan yi ba."

"Ni da maganata?" Muryar Alfa ta tashi. "Ni na ce ki gyara."

"Baba Alfa, ka yi mini gafara. Shiru nake yankewa, da tari, da akuya. Kalma ban taɓa cirewa ba, ban taɓa sawa ba. In na sa ɗaya yau don kai ka ce, gobe in an tambaye ni ba ni da bakin rantsuwa. Ga abin ɗaukar nan. Ka gyara da bakinka, in sa shi a gaba."

"Ki sa duniya ta ji na yi kuskure a alwala?"

"Ko ka sake karanta babin daga farko. Ina nan zaune."

Alfa ya dubi ƙafafunsa, ya dubi rana da ta gota tsakiya. Inna Mariyama ce ta sa baki.

"Alfa, shekara nawa kana gyara wa mutane? Yau ɗaya ka gyara wa kanka, ka ji yadda muke ji."

Ya harare ta. Ya daɗe yana huci. Sannan ya yi wa Zalia nuni da haɓa, ta danna.

"Ɗalibaina na Dapaong da kewaye," ya ce, "Abdulwahid ne, wanda kuka binne da ransa. Nan gaba za ku ji na ce farillan alwala shida. Tsufa ne ya ce shida, littafi bakwai ya ce. Ku bi littafi."

Zalia ta sa shi na farko, ta sake jera lambobin. Hajiya Salamata ta ciro wayar daga jakarta ta ajiye mata a kan tabarma, ba tare da ta dube ta ba. Alfa kuwa bai amsa sallamar Zalia ba da za ta fita. Amma ta ji yana ce wa matarsa, da ƙarfi yadda za ta ji, a gaya wa mai taurin kan nan kada ta makara ranar Alhamis.

Ran Asabar Hajiya ta yi wa matan karatu jawabi daga Dapaong, saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ta ba da labarin tafiyarta tun daga tasha, da tsadar kifi a garin Mango, da kumburin ƙafar Alfa. Can wajen ƙarshe ta ce ta gani da idonta, karatun na Alfa ne, kuma yarinyar nan 'yar Alassani ko Alfa bai iya tanƙwara ta ba, balle na'ura. Yarinya! Mace mai shekara arba'in da shida.

Saƙon ya yi nauyi. Matan cikin gari suka ji, na ƙauye ya ƙi buɗe musu, kuma a can ne maganar ta fi yin tsami. Ran Litinin da safe Hajiya ta kira.

"Zalia, jawabin nan nawa ya ƙi zuwa Manduri. Yi masa abin nan naki."

Zalia ta sa shi a kwamfuta. Ta saurare shi daga farko har ƙarshe, sau biyu, tana jiran inda za a ce a yi haƙuri, ko an zalunce ta, ko Allah ya huci zuciyarta. Babu. Ta ja tsaki har mai wagashi ta leƙo. Sannan ta cire shirun, ta bar tsadar kifin yadda take, ta yanka shi huɗu, ta tura.